Yi Mini Murmushi In Gani

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki gidan Tela da safe ya san abin da zai tarar. Kafin ta ɗora ƙafa a kan keke, kafin ma ta karɓi yadin da ka zo da shi, sai ta tsayar da mijinta a bakin ƙofa kamar ɗan makarantar da za a duba wa farce.

"Yi mini murmushi in gani."

Sai ya washe baki.

"Ɗaga hannu. Duka biyun, Injiniya, ba ɗaya ba. To, ce wani abu."

"Na auri 'yar sanda."

"Wuce, ka ci jarrabawa."

Matan layin suna cewa soyayyar tsufa ce, har wasu kan koma gida su yi wa mazajensu gori. Ba su san cewa kowace safiya, daga lokacin da ta ce masa ya yi murmushi zuwa lokacin da leɓɓansa za su buɗe daidai wa daida, Tela ba ta numfashi ba.

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Mai gyaran fanka ne da dutsen guga da rediyo, a wani ɗan shago da ke manne da falonsu, ƙofa ɗaya ce tsakani. Mutum ne mai ƙiba da tsokana, wanda in dariya ta kama shi tumbinsa ke fara rawa kafin a ji sautinta. Shi ya raɗa wa matarsa Dokta. Ita kuwa siririya ce, kullum da tef a wuya da allura a bakin zani, kuma ko tana tsakiyar ɗinki kunnenta ɗaya yana waje. Wannan kunnen tun zamanin mahaifiyarta ta bar shi a buɗe.

Tana goyon autarta lokacin da tsohuwar ta zo zama wurinsu. Wata safiya kofi ya suɓuce daga hannun Inna, bakinta ya ja gefe guda, maganarta ta zama kamar ta mai tauna tsumma. Aka ce gajiya ce. Aka shafa mata man zafi, aka ce bari ta ɗan kwanta mu gani. Sai washegari aka kai ta asibiti. Wata nas da ke canza mata zanin gado ta dubi Tela, ba da faɗa ba, ta ce, "Da jiya kuka kawo ta, da wataƙila an yi wani abu." Inna ta yi shekaru a ɗakin baya, ɓarin jikinta a shanye. Tela ce mai juya ta, mai wanke ta, mai fassara gurnaninta. Ta jawo keken ɗinkinta bakin ƙofar ɗakin, a nan ta yi ta ɗinki har ranar da aka fitar da gawa.

Bayan shekaru, wata rana Injiniya yana gwada wata rediyo da ya gyara, sai muryar wata likita ta shigo falo. Tela ta ɗage ƙafa daga keke. Likitar tana cewa shanyewar ɓarin jiki yakan zo ne in jini ya toshe ko jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma alamunsa a fili suke: fuska ta karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Ta ce akwai maganin da ke narkar da toshewar, amma sai a 'yan sa'o'in farko yake amfani. Sannan ta faɗi abin da ya zauna wa Tela a ƙirji kamar dutse. Ta ce da yawa daga masu makara ba nisan asibiti ne ke makarar da su ba, "bari mu gani" ce, da kunyar kada a tayar da hankalin mutane a kan abin da ba komai ba.

A shekarar aka gano Injiniya yana da hawan jini. Magani sai ya tuna yake sha, gishiri kuwa ko ta ɓoye sai ya nemo. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Daga nan jarrabawar safe ta samo asali.

Da ya bar ta da jarrabawarta da an zauna lafiya. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Wata safiya ya fito daga ɗaki baki a karkace, hannu yana reto, yana wani gurnani. Tela ta fita ba takalmi, ba ɗankwali, tana ihu, ta dinga dukan ƙofar maƙwabcinsu Mai Tasi kamar za ta ɓalla ta. Ta dawo da rabin mutanen layin a bayanta, suka tarar da Injiniya zaune a ƙasa ya riƙe ciki, hawayen dariya na zuba.

"Dokta, ashe kin iya gudu haka? Wallahi da gasa ce da kin ciwo mana kofi!"

Ta yi kuka, ya ba ta haƙuri, ya yi rantsuwa. Bai rufa wata biyu ba ya sake, wannan karon a gaban masu ɗinki da mijin Auta. Ta sake fita da gudu. Daga ranar ta zama abin nishaɗin layin. In ta fito sayen zare sai wata ta leƙo ta taga ta ce, "Dokta, zo ki duba mini nawa, tun jiya bai yi murmushi ba." Yara kan karkace baki in ta wuce.

"Ka ji na rantse," ta ce masa, "ko faɗuwa ka yi a gabana ba zan ƙara fita ina ihu kamar mahaukaciya ba. Ka mai da mutuwar uwata abin wasa."

Ta daina tsayar da shi a bakin ƙofa. Kallon dai ba ta daina ba, sai dai ya koma na wutsiyar ido: yadda yake ɗaukar kofi, yadda yake saka maɓallin riga.

Ranar da abin ya zo, hantsi ne, kayan makaranta sun taru mata, iyaye na ta aike. Tana kan wata riga, a shago kuma rediyo na buga kiɗan fara labarai, sai ta ji an jingina da ƙofar tsakani da nauyi. Ta ji gurnanin. Ƙafarta ta so tsayawa, ta danne ta a kan keke.

"Na ga wannan fim ɗin," ta ce, ba ta ɗago ba. "Har sau biyu. Ka canza wani."

Ta ji yana jan ƙafa, ta ji ya zube a kujerar da masu ɗinki ke zama.

"Yau ba 'yan kallo, Injiniya. Kana ɓata basirarka a banza."

Gurnani.

"Ci gaba. Tsoho da kai, da jikoki."

Ta juya rigar, ta soma haɗa hannu. Allura na hawa da sauka, zuciyarta na bugawa fiye da keken. Wani sashe na ranta yana cewa ki duba, ki duba mana. Wani sashen yana nuna mata fuskar matar nan ta taga, da yaran da ke karkace baki, da Mai Tasi yana tafa hannu. Ta ce a ranta, yanzu zai fashe. Ba ya iya riƙe dariya, bai taɓa iyawa ba. Ta kasa kunne tana jiran ƙarar kujera in tumbinsa ya fara rawa. Ta gama hannu ɗaya. Ta yanke zare da haƙori. Kujera ba ta yi ƙara ba.

Sai ta ji ƙauri.

Ƙaurin katako ne da roba, daga shago yake fitowa. Ta leƙa ta ƙofar tsakani, ta hango dutsen gugar da yake gyarawa a kife a kan tebur, a jone, hayaƙi na tashi siriri. Injiniya zai yi wasa da komai, da ciwo, da mutuwa, da ita kanta, amma bai taɓa wasa da wuta ba. Mutumin da kan tashi daga kan abinci ya koma shago don ya tabbatar ya kashe soket.

Ta juyo ta dube shi.

Ɓarin fuskarsa na dama ya zubo kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Miyau ya jiƙa masa wuyan riga. Hannunsa na dama yana kwance a cinya kamar na wani. Idanunsa kuwa a kanta suke, tun ɗazu a kanta suke, kuma babu ko ɗigon tsokana a cikinsu. Tsoro ne zalla.

"Yi mini murmushi," ta ce, da wata murya da ba ta san tana da ita ba.

Rabin bakin ya motsa. Rabin bai ji kiran ba.

Ta fizge wayar dutsen gugar daga bango, ta fita. Mai Tasi yana ƙofar gidansa yana wanke mota, yana hango ta ya ajiye soso ya fara dariya.

"Dokta! Yau ma? Kai, mutumin nan ya iya shege. Ki ce ina gaishe shi."

"Tashi motar nan."

"Haba Anti, sau nawa zai..."

Ta cafki gaban rigarsa da hannu biyu. "Zo ka yi dariyar a gabansa. Zo! In wasa ne ka tara layin nan kaf ku yi mini tafi, na yarda."

Ya biyo ta yana girgiza kai, murmushi bai bar bakinsa ba sai da ya taka cikin falon. "Innalillahi," ya ce, a hankali.

Kafin su ɗago shi falon ya cika. Matar nan ta taga ta shigo da kofin ruwa. "A ba shi ya sha, a kwantar da shi ya ɗan huta. Bari mu gani zuwa..."

"Kada ki ƙarasa!" Tela ta buge kofin, ruwa ya watsu a kan kayan makaranta. "Ba ruwa, zai shaƙe. Ba kwanciya. Ku kama ƙafafun!"

A mota ta rungume kansa a ƙirjinta. Kowace mahaɗa cunkoso, Mai Tasi ya ɗora hannu a kan hon bai ɗaga ba, yana leƙo kai yana roƙon hanya. Injiniya yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, kalmar na zuwa bakin leɓe ta narke. Sautin Inna ne sak. Tela ta ga ɗakin baya, ta ji warin man zafi, ta ga kekenta a bakin ƙofa wasu shekarun kuma. "Yi shiru," take ta cewa, "yi shiru, mun kusa," alhali ba su kusa ba.

A asibiti wani matashin likita ya haska masa ido, ya ɗaga hannun ya saki, hannun ya faɗi. Ya juyo. "Mama, yaushe ya fara? Ki tuna da kyau, maganin da za mu iya ba shi ya dogara da amsarki."

"Ana fara labaran hantsi a rediyo."

Likitan ya dubi agogon bango. Ita ma ta duba, sai ta ga tsakanin fara labaran da fitowarta akwai hannun riga guda cur. Ba ta san ko hannun rigar nan ya cinye lokacin da ya rage ba. Likitan ya yi wa masu gado alama, suka tura Injiniya ɗakin hoton ƙwaƙwalwa da sauri, ƙofa ta rufe.

Ta zauna a benci, tef ɗinta har yanzu a wuya. Auta ta iso tana haki. "Umma, Baba fa? Me suka ce?" Tela ta nuna mata ƙofar da aka shige da shi. Mai Tasi yana tsaye jikin bango yana kallon takalminsa. Duk ƙofar da ta motsa sai Tela ta miƙe.

Da likitan ya fito, cewa ya yi toshewa ce, an sa masa maganin, sun shigo cikin lokaci amma a gaɓarsa. Sauran sai yadda jiki ya karɓa.

Injiniya ya tashi. Ƙafa ta dawo, yana ɗan jan ta. Hannu ya dawo, ko da yake ƙananan kusoshin rediyo sun fi ƙarfinsa yanzu. Magana tana zuwa ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙi masu kunya. Da aka sallamo shi Auta ta ce a gyara masa ɗakin baya don ya fi shiru, Tela ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai kwana a ɗakin nan ba. A falo aka sa gadon, kusa da keke.

Safiyar farko ta tsayar da shi a bakin ƙofa, yana dafe da bango.

"Yi mini murmushi in gani."

Ya yi. Gefen dama ya biyo, amma bai kai ba, ya tsaya a ƙasa kaɗan. Likita ya riga ya gaya mata wataƙila haka zai zauna, ya kuma gaya mata wanda ya taɓa samu yana iya sake samu. Ta tsaya tana kallon bakin. Fuskar da ta haddace shekara da shekaru ta tafi, wannan sabuwa ce, kuma a karkace take tun asali. In abin ya dawo gobe, da me za ta gane? Ta matso, ta auna da idon tela: daga gefen leɓe zuwa hanci, daga kunci zuwa ido.

"Ɗaga hannu."

Suka ɗagu, na dama yana rawa.

"Ce wani abu."

Ya buɗe baki. Shiru. Leɓɓansa suna lalube, ita kuma ta riƙe bakin keke.

"'Yar..." ya ce. Ya haɗiyi miyau. "'Yar... sanda."

Tumbinsa ya ɗan motsa. Yana jira ta ce ya wuce, ya ci jarrabawa.

"Sake murmushin," ta ce. "Ban gama haddacewa ba."