Tsumman da ke jikin wayar famfo

Mun tashi da asuba daga Tanut, mu uku a gaban bashen marigayi maigidana, wato motarsa ta ɗaukar kaya: ɗana na fari a kan sitiyari, ƙanen marigayin a tsakiya, ni a gefen ƙofa. Ban iya rubutu ba, ina faɗa ne ana rubutawa, saboda 'yan'uwan da ke ta aiko tambayar yadda muka je muka dawo.

Maigidana ya rasu ne a hanyar Belbeji. Ya ɗauko hatsi shi kaɗai, ciwo ya kama shi kusa da wata rijiya, wani dattijon Buzu makiyayi ya yi jinyarsa har ya cika, ya kuma binne shi. Motar aka kawo mini, ban ga gawa ba. Ina fita takaba aka aiko cewa dattijon zai yi arewa da dabbobinsa da zarar ruwan farko ya sauka, kuma ban da shi babu wanda ya san inda kabarin yake. An ce mini mata ba su zuwa kabari. Na ce ko daga nesa ne a nuna mini.

Hanyar Gangara rairayi ce da kwari, gonaki duk an share suna jiran ruwa. A shingen jandarma aka duba takardu, aka yi mini gaisuwar rashi, don sun san motar. A Gangara muka sha fura, ƙanen mijina ya taya cuku ya ji kuɗinsa ya ajiye, ya ce ko raƙumar ce gaba ɗaya ake sayarwa. Muka ƙara wa motar man gazuwal daga duro a wajen wani mai tebur.

Tun kafin nan na lura motar tana wani hali. In ta faɗa rami sai injin ya ɗauke kamar mai shaƙuwa, sannan ya dawo. Na daɗe ina shiga motar nan, na san numfashinta, amma ban yi magana ba. Ɗan fari ne ke tuƙi, mu kuma a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma hira da shi. Bayan Gangara, da hantsi, ta faɗa wani kwari ta mutu gaba ɗaya. Gabas kuwa hadari ya fara haɗuwa.

Ƙanen mijina ya ce, “Mai teburin nan ne, ruwa ya sayar mana.” Ɗana ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya kwance ƙasan filtir, ya tari man a tafin hannu, ya duba ya sansana. Babu ruwa, babu datti. Ya danna ɗan famfon hannu har ya yi tauri, ya ce mai yana isa babban famfo. Sai ya sassauta ɗaya daga cikin bututun ƙarfen da ke kai mai cikin inji, ya ce baffansa ya murɗa makulli. Injin ya yi ta juyawa, bakin bututun a bushe.

“Shi ke nan, famfo ya mutu,” in ji baffan. “Wannan sai Damagaram.”

Damagaram! Kafin a cire famfo a kai a dawo, dattijon ya kai inda ba a samunsa. Na zauna a inuwar aduwa na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ɗana ya goge hannunsa. Ya ce, “Baffa, famfon da ya mutu ba ya farfaɗowa don an fita rami. Wannan halin waya ne.” Ya danna oda ta yi ƙara, ya kunna fitila ta kama, wato batir lafiya. Ya duba abin da suke kira fizibil, mai tsare wutar mota, bai ƙone ba. Sai ya nuna wani ɗan ƙarfe a jikin famfon mai waya guda, ya ce shi ke buɗe wa mai ƙofa in wuta ta zo, kuma in ya buɗe yana ɗan motsi. Ana bukatar mai riƙe makulli, da mai bin waya yana girgizawa, da mai sa yatsa a kan ƙarfen. Mu uku ne kawai.

Ya zo gabana ya durƙusa, kansa a ƙasa. “Inna, ki ara mini yatsa.”

Rabon da ya riƙe hannuna tun yana tatata. Ya ɗora yatsana a kan ƙarfen mai zafi, ya bi wayar taki bayan taki. Shiru. Da ya kai wani ƙulli baƙi a bayan inji, na ji abu ya buga a ƙarƙashin yatsana kamar jijiya. Na ce, “Nan ne! Kai, koma nan!” Baffan ya leƙo yana dariya, ya ce yau ya ji uwa ta yi wa ɗan fari magana.

Ƙullin tsumma ne da mai ya baƙanta. Wayar ta taɓa tsinkewa, aka murɗe bakinta biyu aka naɗe, girgizar hanya ta sassauta. Da ya warware, cikin tsumman bai ɓaci ba: shuɗi ne mai fararen ɗigo. Bakin zanena ne. Na tuna ranar da na ɗauko shi daga igiya na ga an yage gefensa, na yi ta zagin akuyar maƙwabta, maigida yana shan shayinsa bai ko ɗago ba.

Ɗana ya kankare wayar, ya haɗa ta sosai, ya ɗaure bututun. Injin ya yi tari ya kama.

Mun iske dattijon yana ɗaure kaya a kan jakuna. Ya kai mu kabarin, wani tudu da aka rufe da ƙaya. Maza suka matsa suka yi addu'a, ni na tsaya baya na yi tawa. Na tambaye shi ko marigayin ya bar magana. Ya ce ya bari, sai dai ranar da aka zo ɗaukar motar shi dattijon yana wajen kiwo, shi ya sa saƙon bai iso ba. “Ya ce a gaya wa ɗansa ya canza wayar famfo, ɗaurin wucin gadi ne. Ya ce kuma a gaya wa uwar ɗan ta yafe wa akuya.”

Na yi dariya ina hawaye, har dattijon ya rasa inda zai duba.

Ruwa ya same mu a hanyar dawowa, muka shiga Tanut da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin da na koyo shi ne, kada a yi saurin yanke wa babban abu hukunci tun ba a bi ƙaramar waya ba. Tsumman na wanke shi, yana ɗaure a bakin mayafina. Akuyar kuma na aika mata dussa.