Faifan da Oga Danladi ya huda

Har in bar aikin nan ba zan manta da wata ranar Litinin ba, lokacin ina kula da kwamfutoci a wata cibiyar koyar da sana'a a Dutsen Kura. Ku da kuka zo yanzu ba ku tarar da injinan nan ba. Tsofaffi ne, rumbun ajiyarsu ya mutu, sai da wata 'yar ƙaramar manhaja muke tada su daga faifai. Matsalarta, da an kashe inji sai ta manta komai, har firinta. Shi ya sa nake ajiye saitin a filas ɗin ajiyar bayanai na shugabar cibiyar, wanda ta ara mini.

Ana gab da jarrabawar matan da muke koya wa buga takardu, galibinsu 'yan Kasuwar Kure masu rufe shago su zo aji, sai shugaba ta ce tana son filas ɗinta. Na nemi faifai biyu a sito, aka ba ni ɗaya. Ranar Juma'a na haɗa manhajar da saitin duka a kansa, na gwada a kowane inji, ya tashi lafiya lau. Na mayar da filas, ta goge shi ta zuba hotunan biki.

Ƙa'idarmu, duk abin da ya fito daga sito sai ya kwana wurin jami'in mulki, Oga Danladi. Na ba shi da hannu biyu, na ce, "Oga, don Allah a kula, ba mu da wani."

Litinin da safe mata sun cika aji, mai jarrabawa ya iso, na je karɓa. Sai ya jawo fayil, ga faifaina a ciki yana lilo a jikin zare. Ya huda shi da ƙusa mai zafi! Tsagewa ta tafi har tsakiya.

Na ce, "Haba Oga! Ga rami nan a tsakiyarsa, me ya hana ka zura zaren a ciki?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malam Isa, ramin fayil a gefen hagu yake, daga sama. Ba yau na fara aiki ba."

Faifai zagayayye, ina hagunsa?

Aka ɗage jarrabawa. Wata Maman Ladi da ta taso tun daga Gwada ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, shi ke nan mu koma?"

Washegari ni aka ba takardar tuhuma, wai na yi sakaci da kayan gwamnati. Shi kuwa ya bi ƙa'ida, ba wanda ya ce masa uffan.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu, kafin ka ji tsoron lalacewar inji, ji tsoron mutumin da bai san abu ba kuma ba zai tambaya ba. Ku yi kwafi biyu ko da faɗa ne. Faifan nan yana cikin fayil ɗina har yau, shi ne shaidar laifina.