Tsagar da Kakana Ya Yaba

Riga ce ta tono mini wannan zance. Muna tsaye a wani shagon sari a unguwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda muke zuwa saro kaya, ni da ƙanin matata wanda muka shekara tara muna haɗa kwantena ɗaya zuwa Kano, sai mai shagon ya zaro wata baƙar riga daga leda. A ƙirjinta ga alamar nan mai lanƙwasassun ƙafafu huɗu ta Jamusawan zamanin yaƙin duniya, ga fuskar shugabansu mai guntun gashin baki. Ƙanin matata ya murza yadin ya ce samari za su yi rububinta a kasuwar Kwari. Ni kuwa raina ya ɓaci nan take, don na taɓa shan duka a kan alamar nan.

Kakana wanzami ne, kuma an san shi da sanyin hannu. Ƙamshin sabulun salo da tsohuwar fatar zabirarsa su ne ƙamshin zaurenmu. Wata damina, bango ya sha sabon yaɓe, na ɗauki gawayi na zana alamar ƙatuwa, don na gan ta a wani fim ɗin yaƙi ta burge ni. Tsohon da ko tsawa bai cika yi ba, ran nan da fatar wasa aska ya zane ni. Sai da na goge bangon tas, sannan ya zaunar da ni a kan buzunsa.

Ya ce yana saurayi akwai wani Bature Bayahude mai duba fatu a wani kamfani wajen Fagge, shi yake yi masa aski duk Lahadi. Mutum ne shiru-shiru, ba mata ba ɗa. Wata rana da bazara zafi ya sa ya naɗe hannun riga, sai kakana ya hango shuɗin zane a hannunsa na hagu. To ka san wanzami, da ya kalli fuska zai gaya maka wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Sai ya ɗauka tsagar gidansu ce. Ya kama hannun yana dubawa, ya ce, "Wanda ya yi maka wannan gwani ne. Ta wane gida ce?"

Baturen ya amsa da gurguwar Hausarsa: "Ba ta gida ba ce. Lamba ce. Gidan an kashe shi duka."

A ranar ya ba shi labari. An cusa su a taragon jirgin ƙasa kamar shanu. Da aka sauke su aka ware uwarsa da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, aka ce wanka za a kai su, aka rufe su a ɗaki aka sakar musu iskar guba, aka ƙone gawarwakin. Shi aka aske masa kai aka buga masa lamba don yana da ƙarfin aiki. Miliyoyin mutane aka yi wa haka, laifinsu kawai iyayen da suka haife su.

Kakana ya ci gaba cikin fushi. "Mu muna tsaga yaro don duk inda ya shiga a san yana da dangi. Su kuwa sun tsaga mutum don su ƙirga shi kamar buhun gyaɗa. Ni kuma na buɗe baki na yaba aikin." Ya ce kunyar wannan yabo da ita za a binne shi.

Shi ya sa a shagon na ce wa ƙanin matata rigar nan ba za ta shiga kwantenar da ke da sunana ba.

"Haba Yaya, riga ce fa. Kuma ba ka ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa?"

Na ce ina gani, kuma yana ci mini rai kamar kowa. Amma 'yan matan nan biyu me suka yi wa wani? Wanda ya yi ado da fuskar mai ƙona yara, ba shi da bakin yi wa wasu yaran kuka. Mai shagon ya ga ciniki na neman wargajewa, yana ta "lawban, lawban", wato "maigida" a yarensu, yana miƙo mini na'urar lissafi. Na fice na bar su.

Daga ranar muka raba jaha. Ya loda nasa shi kaɗai, kuma ba ƙarya ya yi ba, da kayan suka iso Kano, kafin wata ya ƙare rigunan sun ƙare.

Shekaranjiya ina cin tuwo a wani gidan abinci a unguwar Xiaobei, can garin da muke sari, babban ɗana ya turo mini hoto. Yana tsaye a ƙofar gidanmu yana murmushi, sanye da baƙar rigar nan, kawunsa ne ya ba shi kyauta. Na ture kwanon na fara lalubo lambarsa da niyyar zazzaga masa masifa, sai hannuna ya tsaya. Yanzu ba mai tsaga, ba zaure, ba tsohon da zai zaunar da yaro a kan buzu. Shekarar yaron nan goma sha tara, na aika masa takalma da wayoyi ba adadi, amma ban taɓa zama na ba shi labarin Baturen nan ba. Na kira shi na ce ya cire rigar, ya nemi wuri ya zauna, maganar tana da tsawo.