Yarinyar da Ke Cikin Idon Inno

A gidanmu na Kebbe, in an gama tuwon dare, Inno ba ta bari a kashe wuta. Kakata ce ta wajen uba, 'yar firit da ita, ga baki kamar reza. Sai ta tura karan dawa cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ranar da nake tunawa, haɓata ta kama ta juyo ni wajen haske.

"Kulu, diba idona. Mi kika gani?"

Na leƙa. Wallahi ga wata 'yar mitsitsiyar yarinya a cikin baƙin, tana kallona.

"Mai tsaron gida ke nan," in ji ta. "Kowane mai rai yana da tashi. In mutum zai tafi, ita ka fara fita. To, ga ta nan, ku riƙe ta da kyau."

Wai an yi wata mata, Tumba, yayarta ta tafi cin kasuwa ƙetaren gulbi. Magariba ta wuce, sai ga yayar a bakin ƙofa, zanenta sharkaf, ta ce Tumba ta zo ta taya ta ɗauko kaya a bakin ruwa. Al'adar garin, duk wanda ya kira ka bayan faɗuwar rana sai ka duba idonsa kafin ka bi shi. Amma wa zai duba idon 'yar'uwarsa? Tumba ta zari itace mai wuta ta bi ta. Suna tafiya, sawun mutum ɗaya take ji. Da ruwa ya kai musu gwiwa, yayar ta waiwayo ta miƙo hannu, wutar ta haska fuskarta. Idanun nan biyu fayau, ba kowa a ciki. Tumba ta yar da itacen, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da safe aka zo da labari: tun azahar jirgin da yayar ta shiga ya kife.

"Ƙurunƙus," in ji Inno, ko kan ɓeran ba ta ƙarasa ba. Daren nan ban yarda na kalli idon kowa ba.

Na girma, na tafi Sakkwato koyon aikin jinya. Wata rana malaminmu yana ba mu asalin sunayen sassan jiki na Turanci. Ya ce sunan tsoka daga tsohon harshen Rumawa ya fito, ma'anarsa ɗan ɓera, don yadda take motsi a ƙarƙashin fata. Aji ya kwashe da dariya. Sai ya ce sunan baƙin tsakiyar ido kuwa, asalinsa 'yar ƙaramar yarinya. Ni dai nan take na tuna Inno. Ashe can bayan teku ma wani ya taɓa sunkuyawa kan fuskar wani, ya ga abin da na gani a bakin murhu. Na san hoton mai kallo ne kawai, mun rubuta a jarrabawa. Sanin bai raba ni da tsoron ba.

Ina aiki a Tambuwal aka bugo waya cewa Inno ta kwanta. Na iso da hantsi, na tarar matan gida suna miƙa mata kunu fuska a kauce. Duk ita ta rene su da labarin Tumba, kowa na tsoron ya leƙa ya ga wayam. Kwana da kwanaki ba wanda ya haɗa ido da ita, kuma ta lura.

"Kowa gudun idona yakai," ta ce, murya can ƙasa. "Ke mai boko, zo ki diba. Tana nan?"

Na durƙusa, na kai fuskata har ina jin numfashinta.

"Tana nan, Inno. Kuka ma take yi."

"Ja'ira. Ce mata ta share hawaye, ta zamna har in yi barci."

Ban ɗaga ba. Sai a lokacin na gane, yarinyar ba ta fita don kanta, sai in an rasa mai matsowa kusa.

Kafin la'asar Inno ta cika. Na sa hannu zan rufe mata ido, na leƙa sau ɗaya. Yarinyar tana nan zaune, ba ta je ko'ina ba. Da hannuna na rufe ta a ciki.