Shekarar da Na Hana Lallena Ruwa

Na ga abubuwa da yawa a Garwa, rabinsu sun ɓace mini, amma shekarar da na hana lallena ruwa tana nan a raina har ranar da zan koma ga Mahaliccina. Zamanin Jamus ne, kafin Faransa su karɓi garin, lokacin da ake jiran damina ta cika Binuwai jiragen ruwa su iso da gishiri da yadi.

Mu ba 'yan ƙasar ba ne. Daga ƙasar Katsina maigidana ya taho da mu, baduku ne, ya ji labarin Fulanin nan suna son aikin fata. Biyar na haifa, Allah ya karɓi huɗu ya bar mini mace ɗaya, tana da shekara goma muka taso. Ranar tafiyar uwata ta ƙulla mini irin lalle a bakin zane, ta nuna yarinyar da baki ta ce, "Ki shuka inda kuka zauna. Ranar aurenta da shi za ki yi mata ƙunshi." Ban sake ganin uwata ba. To kada ku yi mamaki in na ce muku idona bai taɓa sauka daga kan abu biyu ba, yarinyar nan da lallen nan.

Na jiƙa irin har ya tsaga baki, na shuka a fasasshiyar tukunya, da ya yi tsawon yatsa na dasa layi biyu, ɗaya cikin gida bayan ɗakina, ɗaya wajen danga a bakin hanyar da ke gangarawa kogi. Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Safe tulu biyu, yamma tulu biyu, ko da rani ne da sai an tona yashi ake samun ruwa. Takin akuya kuwa har tsinto masa nake a gidajen mutane. Cikin shekara shida ya fi maigida tsawo, ganye fato-fato, kore shar, in ya yi fure duk unguwa ta ɗau ƙamshi. Ganye ɗaya ban yarda a tsinka ba. Ko da sallah lallen kasuwa muke sa wa, don na yi rantsuwa hannun farko da zai sha shi na amarya ne.

Maigida yakan ce, "Ke da ni kike kula da ni haka, da tuni na yi ƙiba."

In ce masa, "Kai ai kana da baki, shi ba shi da shi."

Akwai wata tsohuwar Bafulatana maƙwabciyarmu, Dada muke ce mata kamar yadda 'ya'yanta suke kiranta. Ita ma tana da lalle, nalle take ce masa, a kan wani tudu mai tsakuwa. Abin tausayi, guntu-guntu, rabinsa itace, ganyen ƙanana kamar kunnen ɓera. Ban taɓa ganin ta zuba masa ko ruwan alwala ba, kullum sai dai sara. Na raina shi, na raina ta, kuma ban ɓoye ba.

Da kaka aka sa ranar yarinyata da wani yaron kirki ɗan Marwa mai fataucin goro, tana sonsa yana sonta. Aka ce biki sai bayan ruwan farko. A gaban matan unguwa da gwaggonnin ango na buɗe baki na ce ba lallen kasuwa a bikin 'yata, na uwata ne kawai, kuma za su ga jan da ba su taɓa gani ba. Da mutane suka watse Dada ta tsaya a bakin ƙofa tana taunar goro.

Ta kira ni yadda Fulani suke kiran Bahaushe ta ce, "Kaɗo, nallen nan naki, kin taɓa gwada shi?"

Na ce, "Me zan gwada? Ba ki da ido ne?"

Ta buɗe mini tafin hannunta, ja wur har yana neman yin baƙi. Ta ce, "Ina da ido. Kin shayar da shi har ya zama alayyafo. Miya za ki yi da shi?"

Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta hana ni sakat. Washegari na karya rantsuwata, na tsinki ganye, na daka, na matsa lemun tsami, na ƙunsa a tafina, na wuni da hannu cikin zane. Da na wanke sai na ga wani rawaya-rawaya kamar na taɓa miyar manja. Kwana biyu ya bi ruwa. Shekara shida! Na zauna kan turmi. Na riga na yi alkawari a gaban mutane, kuma gwaggonnin Marwa ba masu manta magana ba ne. Abin da ya fi ci mini rai ma uwata ce, da ƙullin nan na bakin zane.

Dada ta ce in sare shi daidai gwiwa in ɗauke masa tulu. Na ce mata Allah ya kiyaye. Ni a ganina ruwan ne bai ishe shi ba, sai na ƙara tulu ɗaya. Haka nake a lokacin, in an nuna mini gabas sai na leƙa yamma tukuna.

Ana cikin haka Bature ya ce a faɗaɗa hanya daga bariki zuwa bakin kogi. Wata hantsi na ji sara a wajen danga, na fito da taɓarya na tarar da ɗan aiken lamiɗo da mutane riƙe da adda, har sun fara kan layina na waje.

Na ce, "Wanda ya ƙara sara ɗaya sai na fasa masa kai!"

Ɗan aiken ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ma aiko ni aka yi. In kin fasa nawa gobe za a turo wani kan."

Maigida ya riƙe taɓaryar ta baya yana ba su haƙuri. Kafin azahar layin nan ya koma kututture, ban da rassa zube a ƙasa. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, daga nan na cire shi a raina. Ban ƙara kallon wajen ba, ruwan duka na mai da shi kan na cikin gida.

Bazara ta shigo da irin zafin nan na Garwa da ko ƙadangare yake neman inuwa. Wata rana yarinyata ta dawo daga kogi tana ta ɓoye hannun hagu a bayanta. Ni da ba abin da ke wuce ni, na ce, "Kawo hannun nan."

Ta ce, "Ba komai, Inna."

Na fizgo. Ɗan yatsanta ƙarami ya yi ja kamar an tsoma shi a jini. Na ce, "Wa ya ba ki lallen Dada?"

Ta fashe da dariya ta ce, "Naki ne, Inna. Wanda kika yar."

Na fita da gudu ba mayafi. Kututturan nan sun tofo, ƙananan ganye masu jan baki, cikin ƙasar da ta tsattsage don ƙishi. Na tsinki ɗaya na murza, nan take ya bar shaida a farcena. Sai ga Dada ta leƙo ta danga.

Ta gaishe ni da Fulatanci ta ce, "Jam na, Kaɗo? Bature ya fi ki iya noman nalle."

Ranar ce na fara durƙusa wa tsohuwar nan. Na ce, "Dada, na tuba. Tofon nan ba zai ishi ƙafa ɗaya ba. Yaya zan yi?"

Ta ce, "Ɗauko adda. Da hannunki, ni ba zan taya ki ba."

Na shiga bayan ɗaki na sare layin da na raina shekara shida, ina sara ina neman gafarar uwata. Amma saran ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce zama. Kullum in tashi da asuba hannuna ya kai kan tulu, sai in tuna. In zauna in zuba wa kututture ido, rana tana dukansa, ruwa cike da randa, ni kuwa an ce kada in ba shi. Sau ɗaya na saci ƙoƙo guda zan zuba, ashe Dada tana kallona. Ta ce, "Sha abinki, ke ce mai ƙishin." Na shanye a gabanta, muka yi ta dariya har da hawaye.

Kwana ashirin da wani abu sai hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko ya sauka. Wayyo, da kun gani! Cikin mako biyu layin biyu suka rufe da tofo, ganye ƙanana masu kauri. Muka tsinke muka shanya a inuwa, don Dada ta ce rana tana cinye masa ƙarfi. Muka daka, muka tankaɗe, ƙwarya uku cif. Maigida da kansa ya ɗinka wa amarya takalma, ya ce a bar saman a buɗe don a ga aikin matarsa.

Ranar ƙunshi gidan ya cika. Aka naɗe ƙafafun amarya da ganye da tsumma, aka zura hannunta cikin zunguru, 'yan mata suna ta waƙa suna tsokanarta. Ni ban ci ba ban sha ba. Da lokacin kwancewa ya yi babbar gwaggon ango ta matso ta ce, "To bari mu ga jan nan da ba mu taɓa gani ba."

Aka zare zunguru, aka wanke. Hannun yarinyata ya yi ja mai duhu kamar cikin goro, ƙafafun kamar ta sa jan takalmi. Gwaggon ta juya hannun gaba da baya, ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Uwar amarya, in akwai saura a sa mini!" Sai kowa ya ce shi ma. Har Dada ta miƙo hannu, ta ce ta zo ta ɗanɗani alayyafo. Ni da aka sani ban taɓa rawa ba, ranar na ɗaure zane na shiga fili, maigida yana leƙe ta zaure yana riƙe baki.

Da za a tafi da ita na riga na shirya in bi su Marwa in yi wata uku, in ga abin da take ci da wanda take gaisarwa. Har na ɗaure kayana. Sai na dubi kututturan nan, na dubi yarinyar da ta gano abin da ni ban gani ba, na koma ɗaki na kwance ƙullin. Irin lalle kawai na ƙulla mata a bakin zane. Na ce, "Ki shuka inda kika zauna. In ya kama ƙasa ki ɗauke masa tulu."

Ta ce, "Inna, ba za ki zo ba?"

Na ce, "Sai kin kira ni."

Ta yi shekara kafin ta kira, kuma suna ne, ba kuka ba. Na tarar da gida tsaf, ga lalle ya tofo a bayan ɗaki.

Har yau ina sa ido, wannan ba zan daina ba, jikokina shaida ne. Amma tun daga shekarar nan na san cewa kulawa ma tana da iyaka. Abin da kake so, ka tsare shi yana ƙarami, in ya yi saiwa ka janye hannu ka bar rana ta taɓa shi. Sai a lokacin za ka ga irin jan da ke cikinsa.