Ɗorawar Gonar Gabas

Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, har yau idan zan kwashe tuwo sai na ɗauko kwano biyu, sannan in mayar da ɗaya. Ba na ɓoye kukana. Wanda ya shigo ya tarar ina yi sai ya zauna ya jira in gama, jikata da ke rubuta wannan ma ta saba. Amma yau labarin wata ƙarya da na shara zan bayar, na kuwa riga na yi istigfari.

'Ya'yanmu duka mata ne, don haka da aka raba gado gonar gabas ta faɗa hannun ƙanin maigidana. Hakkinsa ne. Sai dai a tsakiyar gonar akwai ɗorawa, ita kuwa tawa ce. A wajenmu gona daban, itace daban. Malam, wato maigidana, ya ba ni ita tun ina goyon fari, da kalwarta na yi daddawar da na yi wa 'ya'yana kayan ɗaki. Babu takarda. Mutum ɗaya ne ya ji lokacin da ya ba ni, shi ne wannan ƙanin nasa.

Shi kuwa ya ce ya manta. Wai inuwarta tana kashe masa gero, har ya yi magana da masu injin yankan katako su zo kafin damina.

Na ce, "Ƙaramin miji, da gaske ka manta?"

Ya ce, "Yaya, tsufa ne. Jiya ma carbina na nema, ashe yana wuyana."

"Amma ba ka manta hanyar kwanon tuwona ba."

Akwai wasa tsakanina da shi tun ina amarya, sai ya yi dariya ya fita. Ni na san shi. Mutumin nan ba a ba da labari a gabansa bai gyara ba. Ko a wajen zaman makoki ka ce shekarar fari saniyar wane baƙa ce, sai ya tashi ya ce ja ce.

A bazarar nan wasu ɗalibai suka zo daga birni da malamarsu. Suka ce wasan kwaikwayo za su yi, amma mutanen gari ne za su fito, da labaran garin, kuma kowane labari a yi shi a inda ya faru. Dagaci ya yarda. Liman ya ce maza gefe, mata gefe, a tashi kafin magariba.

Suka bi gida gida suna neman labari. Da malamar ta zo wurina ta ajiye wayarta a kan tabarma ta ce, "Inna, ba ni naki." Sai na ba ta. Na ce wata rana ƙanin Malam yana saurayi ya hau ɗorawa zai kaɗo mana, ƙadangare ya bi ta ƙafarsa, ya yi ihu ya faɗo, wandonsa ya yage, ya suma. Ni na goya shi har gida. Ladan goyon ne Malam ya ba ni bishiyar.

Malama ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Inna, haka aka yi?"

Na ce, "Ni dai haka na tuna. Tsufa ne."

Na roƙe ta a yi gwajin nawa a tsakar gidana saboda kunya, kada kowa ya gani sai ranar. Mai facin garinmu ya zama ƙanin miji. Tunda babu macen da za ta goya ƙato a bainar jama'a, mai shayi ya ɗaura zane ya zama ni. Wani ɗalibi dogo ya zama Malam, na ciro masa babbar rigarsa daga akwati. Da ya saka ta sai da aka dakatar da gwajin, na shiga ɗaki na yi mai isata.

Ranar wasa bayan la'asar gari ya fito. Aka fara a bakin rijiya da labarin haƙa ta, aka wuce masussuka, sannan muka ɗunguma gonar gabas. Mutumina yana sahun gaba kusa da dagaci, ya sha sabuwar hula, yana nuna wa baƙi iyakar gonarsa.

Mai faci ya hau reshen ƙasa. Aka jawo ƙadangaren tsumma da zare. Ya kurma ihu yana kiran sunan uwarsa, ya faɗo, ya juya wa jama'a wandon da na yaga da hannuna. Mai shayi ya zo yana rangwaɗa, ya saɓa shi a baya, ya ɗaure da majanyi, yana jijjiga shi. Mata suna riƙe ciki. Dagaci ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ba a ambaci suna ba, amma kowa ya juya yana kallon sabuwar hula.

Ɗalibin ya fara cewa, "Tunda kin goya mini ƙanena..."

Sai mutumina ya miƙe. "Ku dakata. Ba haka aka yi ba."

Malama ta ce, "Baba, shigo fili ka nuna mana. Don haka muka zo."

Ya shigo, ya ture mai shayi. "Ni ban faɗo ba. Ban taɓa faɗowa daga bishiya ba a rayuwata. Ga reshen da nake kai, wancan na sama, ina kaɗowa tana tsincewa da jaririya a bayanta. Yayana yana tsaye a nan, nan daidai. Ya dafa gindin ya ce mata, 'Wannan taki ce, ke da 'ya'yanki, ko hannun wa ƙasar ta koma.' Da kunnena na ji. Wane irin goyo?"

Dagaci ya sauke rawani daga bakinsa ya dubi liman. "Liman, ka ji?"

Liman ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Jama'a ma sun ji."

Na shirya in yi dariya a wannan gaɓar, mako biyu ina tanadinta. Amma na manta cewa muryarsu ɗaya da yayansa. Da ya dafa gindin ya faɗi maganar, Malam na ji, sai na zauna a kan kunyar gona na rufe fuska da mayafi. Mata suka kewaye ni. Ta cikin mayafin na ga ƙafafunsa sun zo sun tsaya.

Ya ce, "Yaya, kin san ba ki goya ni ba."

Na ce, "Na sani. Ashe kai ma ba ka manta ba."

Sannan ya ce, "To ki bar kukan, mutane za su ce dukan ki na yi."

Masu inji ba su zo ba. Da na yi daddawar bana na aika masa da mai kyau, ya karɓa, ya aiko a ce gishiri ya yi kaɗan. Har yanzu duk ranar kasuwar Zakirai yana tare mutane yana rantse musu cewa bai faɗo ba, su kuma suna tambayarsa lafiyar ƙadangare. Rigar Malam na wanke na mayar akwati. Idan na je tsintar ɗorawa nakan dafa gindin a inda ya dafa, in yi kukana, in cika kwando in dawo.