Karkataccen Ganye

Duk layin an san Baba Mai Tulu da abu biyu: ƙurar katako a gira, da taurin kai. Tun yana saurayi yake tsaye gaban injin juya itace. Ya ɗaure gungume, ya ta da inji, ya kafa ƙarfe, kafin ka ce kwabo tulun furanni ya fito da wuyansa da ƙugunsa. Amma zane ba fanninsa ba ne. Matarsa ce ke zama bakin ƙofar shagon da kaskon garwashi, tana gasa tsinken ƙarfe, tana zana reshe mai ganyaye a jikin kowane tulu. Shi yana faɗa, ita tana dariya, haka suka tsufa.

Da ta rasu, tuluna suka koma tsirara. Aikinta duk ya bi masu saye, saura guda ɗaya a kan kantar shagon, shi ma ya tsage, ƙwari na cin gindinsa. Baba ya san ranar da tulun nan ya ruguje, hannunta ya tafi ke nan. Abin na cinsa, bai dai faɗa ba.

Sai ga Auta, 'yarsu, ta shigo da injin lesa, wani akwati mai ƙona zane a katako da tsinin haske.

"Ni da na ga jiya na ga yau, akwati ne zai yi mini zane?" in ji Baba.

"Haba Baba, a gwada mana. Zanen Inna zan sa masa."

Ta ɗauki hoton tsohon tulun, ta kwafe reshen a kwamfuta. Ta ga wani ganye ya karkace kamar zai faɗi, ta miƙe shi tsaf. Da injin ya soma aiki, ƙaurin ƙonannen katako ya cika shagon, irin na da sak. Baba, da ya rantse ba zai ko kalla ba, sai ga shi tsaye yana leƙe.

Ya karɓi sabon tulun, ya juya, ya sake juyawa, babban yatsansa na lalube.

"Ina ganyen?"

"Karkataccen? Ai na gyara."

"Kin gyara! Ke, wa ya aike ki? Kina goye a bayanta kika fizgo ɗankwalinta, ƙarfen ya goce. Na ce a kankare, ta ce a'a, wannan hannun Auta ne. Daga ranar ba ta ƙara zana tulu ba sai ta karkata ganyen."

Idon Auta ya kawo ruwa. Ta koma kan kwamfutar ta mayar da ganyen yadda uwarta ta bar shi.

Baba ya shafa tulu na biyu, yatsansa ya tsaya a wurin.

"Yauwa," ya ce. "Ga ki nan, ga uwarki."